Tsamin Jikin Dattijo: Haƙuri Daban, Cutar da Kai Daban

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A shekarar 1978 aka kammala ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato. Saurayin da yake ɗan shekara ashirin a wancan lokaci, wanda ya ga yadda ruwa ya fara bin magudanai zuwa gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun, yau ya doshi shekara saba'in. Da yawa daga cikin irinsa har yanzu su ne a duƙe a gona. Da damina su yi huɗa da noman fari da maimai, da rani su koma dashen shinkafa da ban-ruwa. Iyayenmu mata kuwa suna kan turmi da taɓarya, da jan guga, da ɗaukar itace. Matsalar tsaro da ta addabi ƙauyukanmu irin su Gidan Goga ta ƙara musu nauyi, domin samari da dama sun bar gida neman abinci ko gudun tsira, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Aikin da ya kamata mutum biyar su yi sai ya faɗa kan tsoho ɗaya.

Sakamakon haka muna ganinsa a sahun sallar Asuba. Dattijo zai yi ruku'u ya kasa miƙewa sai ya dafa gwiwa, ya yi sujada ya tashi da nishi. In ka tambaye shi lafiya, ya ce tsamin jiki ne kawai, ya sha magani, zai wuce. Wannan amsa ita ce abin da nake son mu tsaya a kanta, domin a cikinta akwai kuskure biyu da suka yi mana katutu. Na farko, mun ɗauka haƙurin da addini ya yi umarni da shi yana nufin mutum ya toshe bakin ciwo da ƙwaya ya koma gona. Na biyu, mun bar ciwon jikin tsoho a matsayin lamarinsa shi kaɗai, alhali hisabinsa yana wuyan 'ya'yansa da maƙwabtansa.

Mu fara da sanin abin da yake faruwa a jiki. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 54 cikin Suratur Rum, ya bayyana rayuwar ɗan Adam a matsayin matakai uku: rauni, sannan ƙarfi, sannan komawa ga rauni da furfura. A farkon Suratu Maryam, Annabi Zakariyya (AS) ya kai kukan raunin ƙashinsa ga Ubangijinsa, ba a kuma zarge shi da ragwanta ba. Likitoci sun tabbatar da cewa tsokar mutum tana fara raguwa sannu a hankali tun bayan shekara 30, raguwar kuma tana ƙara sauri bayan 60. Guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓi yana sirancewa, ƙashi yana rage kauri, jiki kuma yana daɗewa kafin ya gyara abin da aiki ya ɓata. Tsamin jiki na yau da kullum yana faruwa ne saboda ƙananan yagewa da aiki mai nauyi yake yi wa zaren tsoka. Yakan fara bayan wasu sa'o'i, ya tsananta tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, sannan ya lafa cikin mako guda. Abin da saurayi zai warware daga gare shi da barcin dare ɗaya, dattijo yana iya buƙatar kwana uku. Hausawa sun ce jiki magayi. Ciwon nan saƙo ne daga jiki cewa a ba shi lokacin gyara.

To amma me muke yi da saƙon? Sai a aiki yaro wurin mai kemis ko mai tallar magani a kasuwa, a ce a ba da na ciwon jiki. A ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban a leda, babu kwali, babu suna, babu ranar lalacewa. A cikin irin wannan haɗi akan sami diclofenac da ibuprofen a tare, alhali jinsi ɗaya ne, haɗa su kuma ninka illa ne. Waɗannan magunguna suna iya ƙwaƙule ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, suna tayar da hawan jini, suna kuma raunana ƙoda, musamman ga mai shekaru da ya wuni a rana yana zufa bai sha isasshen ruwa ba. Wani lokaci akan cusa dexamethasone ko prednisolone, masu sa mutum ya ji garau nan take, amma in aka daɗe ana sha su tayar da ciwon suga, su kumbura fuska, su rarake ƙashi. Mafi muni shi ne tramadol, wanda ya shiga gonaki da sunan ƙarin kuzari. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a shekarar 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan irin waɗannan magunguna masu kashe zafi da sa maye ba tare da umarnin likita ba. Tramadol yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, yana jawo jiri da faɗuwa, yana iya haddasa farfaɗiya. Duk abin da aka sha har ya taɓa hankali ba bisa larurar da likita ya tabbatar ba, malamai ba su yi saɓani a kan haramcinsa ba, ko da mai shan dattijo ne mai carbi a hannu.

Abin baƙin ciki shi ne, wanda ya ƙi hutun kwana biyu don kada aiki ya tsaya, yana iya wayar gari an ɗauke shi zuwa Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ana maganar wankin ƙoda. A nan gonar da ya ƙi bari ita ce za a sayar.

Wani zai ce, ai Malam, ku ne kuke karantar da mu cewa wahala kankarar zunubi ce. Gaskiya ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'id da Abu Huraira (RA) cewa gajiya da ciwo da damuwa, har ƙayar da ta soki Musulmi, duk Allah yana kankare masa zunubai da su. Wannan bushara ce ga duk tsohon da ya kwana yana juyi saboda ciwon ƙugu bayan ya wuni neman halal. Sai dai busharar tana kan abin da ya sami bawa, ba ta zama izinin ya janyo wa kansa cuta da hannunsa ba. Su dai waɗannan malamai biyu sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya ga wani tsoho yana tafiya da ƙyar, 'ya'yansa biyu suna riƙe da shi. Da ya tambaya, aka ce ya yi bakance ne zai tafi da ƙafa. Sai ya bayyana cewa Allah ba Ya buƙatar wannan azabtar da kai, ya umarce shi da ya hau abin hawa. Haka kuma ya sa a kwance igiyar da Uwar Muminai Zainab (RA) ta ɗaura a masallaci don ta riƙa dafawa in ta gaji da tsayuwar dare. Ya kuma gaskata Salmanul Farisi (RA) a lokacin da ya tunatar da Abud Darda'i cewa kansa ma yana da haƙƙi a kansa. Idan har ba a yarda tsoho ya azabtar da jikinsa a cikin ibada ba, ina ga noman buhu goma?

Fiƙihun da muka tashi a cikinsa ya riga ya shimfiɗa wannan sauƙi. Duk ɗalibin da ya karanta Ahalari ya san an jera halaye bakwai na sallar farilla: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sannan kwanciya a gefen dama, ko na hagu, ko rigingine. Asalin wannan shi ne amsar da Annabi (SAW) ya ba Imrana ɗan Husaini (RA) lokacin da ya yi fama da basir. Don haka dattijon da gwiwarsa ta kumbura, ya yi abin da zai iya a tsaye, ya zauna a inda ya gaza, sallarsa cikakkiya ce, babu kunya a ciki. A babin azumi kuwa, tsohon da ba ya iyawa an ɗauke masa, kuma Risala ta nuna an so ya ciyar da mudu ɗaya na Annabi a madadin kowace rana. Anas ɗan Malik (RA) kansa ya ciyar a ƙarshen rayuwarsa. Mu ma limamai muna da namu kason. An umarci mai jan salla ya sassauta domin a bayansa akwai mai rauni da tsoho da mai buƙata. Limamin da ya ja doguwar sura a Isha'i a tsakiyar lokacin girbi, ya waiwaya ya dubi waɗanda ke sahun farko.

Kada kuma a fahimci maganata a kan cewa tsoho ya nemi tabarma ya kwanta. Zama wuri ɗaya yana cinye tsoka fiye da yadda aiki yake yi, yana kuma sandarar da gaɓoɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na shekarar 2020, ta nemi masu shekara 65 zuwa sama su sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Tafiya masallaci sau biyar, da zagaya gona, da kiwon 'yan awaki, duk alheri ne gare shi. Abin da ake nema shi ne a san gwargwado. Ya fara aiki da sanyin safiya a hankali har jiki ya ɗumama, ya tashi kafin rana ta take, ya yi ƙailula, in akwai saura ya koma bayan La'asar. Ya riƙa miƙewa daga duƙo lokaci zuwa lokaci. In zai ɗaga kaya ya lanƙwasa gwiwa maimakon ƙugu, a raba masa buhu gida biyu. Ya sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama shi, domin jin ƙishi yana raguwa da shekaru. Bayan yini mai nauyi ya bi shi da yini mai sauƙi. Idan tsamin ya zo, a gasa masa jiki da ruwan ɗumi, a yi masa tausa da man kaɗanya, ya sami barci. A kula da akushinsa: wake da gyaɗa da nono da ƙwai da kifin Bakolori su ne kayan gyaran tsoka, tuwo tsura ba ya wadatarwa. In buƙatar magani ta kama, farasitamol ya fi sauƙin illa ga yawancin tsofaffi, muddin ba a wuce ƙa'idar da ma'aikacin lafiya ya faɗa ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ko gyambon ciki kada ya sha maganin ciwon jiki sai ya tambaya.

Akwai kuma ciwon da ba tsamin jiki ba ne, wanda jinkiri a kansa ganganci ne. Nauyin ƙirji ko ciwon da yake sauka hannu ko muƙamuƙi yayin aiki, da sarƙewar numfashi. Fitsari ya koma kalar baƙin shayi ko ya ragu ƙwarai. Bayan gida ya fito baƙi ƙirin. Gaɓa ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi. Ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari. Kasa taka ƙafa bayan faɗuwa. Ciwon da ya haura mako bai sassauta ba. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ga mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ya nufi asibiti da su a ranar, ko Babban Asibitin Talata Mafara ko wanda ya fi kusa. Neman magani umarnin Annabi (SAW) ne, ba ya cin karo da tawakkali.

Yanzu ga kuskure na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. A Suratul Ƙasas, da Annabi Musa (AS) ya isa rijiyar Madyana, ya tarar da mata biyu suna jiran makiyaya su gama don su shayar da dabbobinsu. Dalilin da suka ba shi shi ne mahaifinsu tsoho ne mai yawan shekaru. 'Ya'ya mata ne, amma sun ɗauke wa uba aikin da ya fi ƙarfinsa, baƙon da ya gan su kuma ya tallafa ba tare da an roƙe shi ba. Wannan ita ce tarbiyyar Alƙur'ani. Suratul Isra'i ta hana ɗa furta ko da kalmar ƙosawa ga iyayen da tsufa ya riska a wurinsa, to yaya hukuncin ɗan da yake zaune a majalisa yana latsa waya, uba yana can yana ɗaukar dami? Ɗalibin da ya dawo hutu daga Gusau ko Zariya, fartanyar mahaifinsa ta fi cancantar hannunsa fiye da duk wata hira. Wanda yake Legas ko Abuja, in zai aiko da kuɗi, ya ware na 'yan ƙodago tun kafin damina ta faɗi, domin biyan mai noma ya fi sauƙi a kan biyan kuɗin asibiti.

Na san akwai gidajen da babu ɗan da za a kira, akwai kuma tsofaffin da suke riƙe da marayun jikoki, in ba su fita ba tukunya ba za ta hau wuta ba. Irin waɗannan ba wa'azin hutu suke buƙata ba, hannu suke buƙata, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu suna da gayya, inda samarin unguwa kan taru su nome gonar mai rauni cikin yini guda. Kowane masallacin Juma'a a Maradun da Bakura da Talata Mafara yana iya rubuta sunayen dattawan da ba su da mataimaki, a raba wa matasa ranakun gayya a lokacin huɗa da girbi. Masu fitar da zakkar shinkafa da gero su fara duba waɗannan gidaje, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ita ma ta sa su a gaba. Masu kemis kuma su ji tsoron Allah, su daina ƙulla wa tsoho abin da ba za su ba mahaifinsu ba.

Ya ku iyayenmu, Allah Ya ga wahalarku, ladanku kuma yana nan. Jikin nan amana ne a hannunku, za a tambaye ku yadda kuka riƙe shi. Ku karɓi sauƙin da Ubangijinku Ya yi muku, ku bar 'ya'yanku su sami Aljanna ta hanyar hidimarku.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa ƙarshen rayuwarmu ya fi farkonta kyau, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Amin.