Ka sayi kwad, amma dajin na wa ne?



Wata Lahadi cikin hunturun da ya wuce, wani abokina ya kira ni ya ce in zo mu fita gari da sabon abin hawansa. Irin wanda ake ce wa bugi ne, ƙanen kwad, moto mai ƙafa huɗu da kujera biyu kafaɗa da kafaɗa, da keji na ƙarfe a bisa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. In ya kama tudun rairayi sai ka ji cikinka ya tashi, iska na dukan fuska, ka manta hayaniyar Yamai. Wanda bai hau ba ba zai gane ba.

A hanyar dawowa muka yanke ta cikin wani fili, ba hanya ba kowa, sai guntayen karan hatsi. Can muka hangi wani dattijo yana ɗaga mana sanda, muka tsaya muka gaishe shi. Bai yi faɗa ba, ya ce mu sauko mu biyo shi. Ya nuna mana sawun tayoyinmu, sannan ya duƙa ya ɗago wani ɗan icce da muka kwantar, tsawonsa bai wuce gwiwa ba. Ya ce, "Ƴaƴana, wannan gawo ne. Damina biyu ina tsare shi daga awaki." Abokina ya ce, "Baba, yi haƙuri, mun ɗauka daji ne." Ya ce, "Gonar ubana ce."

Wannan maganar ce ta sa nake rubutun nan. Ra'ayina shi ne: mallakar kwad ko bugi ba laifi ba ne, kuɗinka ne, guminka ne. Amma kuɗin ya saya maka inji kawai, bai saya maka gonar mutane ba, bai saya maka ran wanda ka ɗora a kujera ta biyu ba.

Mu ƴan birni da rani in mun ga fili ba shuka sai mu ce kango ne. A kudancin ƙasar nan da wuya ka taka wurin da ba mai shi: in ba gona ba ne to makiyaya ce, ko burtali, ko bakin tabkin da dabbobi ke sha. Kundin dokokin karkara na 1993 ya san da waɗannan duka. Ko makiyayi, da garkensa ke zuba wa gona taki, ba ya shiga sai an kwashe amfani hukuma ta ce an saki gonaki. To mu da muka zo da inji mai ƙara, wa ya sake mana?

Ku tuna da sassaben zamani. Tun wajen 1983 aka fara shi a jihar Maraɗi: manomi ya daina tuge kututture, ya zaɓi ƴan tsiro masu ƙarfi ya sassabe sauran, ya yi ta reno har su zama itace. Da wannan dabara manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, itace wajen miliyan 200, aikin da duniya ke zuwa koyo. Kowane gawo da kalgo da sabara da ka gani tsaye, da can ɗan tsiro ne irin wanda muka kwantar. A Gure da Maine Sorowa kuma mutane na kafa shinge bisa tuddan rairayi don su tsai da su kada su binne lambuna da garuruwa. Abin da ke riƙe tudu ƴar ciyawa ce da saiwarta. Taya mai manyan haƙora in ta bi ta kai sau uku sau huɗu, ta tuge ciyawar, sauran aikin iska ce za ta ƙarasa.

Mun ma taɓa ganin irinta. Iccen Tenere ya yi shekaru yana tsaye shi kaɗai, ba wani icce kusa da shi tsawon ɗaruruwan kilomita, ayarin Azalai na gane hanya da shi. A 1973 direban wata babbar mota ya banke shi. Yau gawarsa tana gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa. Duk faɗin Tenere, mai mota bai samu wurin wucewa ba sai ta kan icce guda.

Yanzu batun kujera ta biyu. Abin da da yawa ba su sani ba, injin nan an ƙera shi ne don ƙasa mai taushi. Tayoyinsa iska kaɗan gare su, jikinsa a ɗage yake daga ƙasa, kuma a kwad da yawa tayoyin baya biyu a ɗaure suke, suna juyawa da gudu ɗaya ko a kwana. Cikin rairayi taya ɗaya takan zame, kwanar ta yi daidai. Bisa kwalta ba ta zamewa, sai ta cije, injin ya ɗaga gefe ya kife. Shi ya sa kamfanonin da kansu ke manna gargaɗi a jikinsa cewa kada a hau shi bisa kwalta. Mu kuwa nan muka fi son nuna shi, ranar ɗaukar amarya, tsakiyar kabu-kabu da ƴan talla.

Kwad mai kujera ɗaya ma ana goya mutum a kai, wai ai kujerar doguwa ce. An yi ta doguwa ne don matuƙi ya matsa gaba in zai hau tudu, ya ja baya in zai gangara. In ka goya wani ka toshe wannan wurin. Mai kujera biyu na ainihi ya fi tsawo, yana da majingina da mariƙi na fasinja. A bugi kuwa keji ba ya ceton wanda bai ɗaura bel ba. In ya fara kifewa, mutum bai san lokacin da zai miƙa hannu ko ƙafa waje don ya tare ba, sai ƙarfe mai nauyin ɗaruruwan kilo ya sauka a kai. A Amurka an daina sayar da sabbin masu ƙafa uku tun 1988 saboda yawan mace-mace. A 2009 aka dakatar da sayar da samfurin Rhino na Yamaha har sai an yi masa gyara, saboda kifewa. Ƙungiyar likitocin yara ta can ta daɗe tana cewa kada yaron da bai kai shekara 16 ba ya tuƙa. Su ke nan da ke da motar ɗaukar majiyyaci a kusa. Kai da ka kife a bayan tudu, inda ko rezo babu, wa zai kai ka asibiti, cikin awa nawa?

Na san abin da wasu za su ce: ai hassada ce, talaka ya ga abin mai kuɗi. Wasu kuma su ce wasa ne, har a gasar Dakar akwai rukunin bugi tun 2017. Gaskiya ne akwai. Amma mu Dakar ba labari muka ji ba, ta bi ta Agadas da Tenere shekara da shekaru, a 2000 ma daga Yamai aka kwashe ta a jirgi zuwa Libiya saboda barazanar tsaro. Ƴan tseren nan suna da hular kwano da bel da likitoci da jirgi mai saukar ungulu, amma duk da haka a 2006 an kashe yara biyu ƴan kallo, ɗaya a Gine ɗaya a Senegal. In masu shiri irin wannan sun taka ɗan mutane, ina ga mai silifas da waya a hannu yana ɗaukar bidiyo?

Ba na cewa a hana. Inji ne mai amfani: inda rairayi ke cinye ƙaramar mota shi yana wucewa, zai iya kai malamin dabbobi ruga, ya kai ma'aikacin lafiya ƙauyen da ba hanya. Kuma matashi na da haƙƙin nishaɗi. Abin da nake so a yi ba shi da wuya. Masu kwad su haɗa kansu su je wurin magajin gari da maigarin da filin ke hannunsa, a ware musu wuri sananne, su biya wani abu da zai amfani garin. Wajen wannan wuri a bi hanyar da amalanke ta riga ta fitar. In an hangi garke ko mata masu itace a sassauta, ƙarar injin kaɗai tana iya watsa shanu. Kafin a fita a tambayi halin tsaro, tunda akwai yankunan da aka taɓa hana hawan moto gaba ɗaya, kamar sassan Difa da Tilaberi. Kuma kada a tada inji sai mutum biyun sun sa hular kwano, sun ɗaura bel in bugi ne.

Ke ma ƴar uwa da ake gayyata ki hau a ɗauki hoto, ki tambayi hularki kafin ki zauna. In ya ce babu, ki ce kin fasa. Rigakafi ya fi magani.

Abokina dai ya koma wurin dattijon bayan sati guda da ƴar waya ta shinge, suka kewaye gawon tare. Ban sani ba ko zai tashi, sai damina ta faɗi. Amma tun ranar, in mun fita, a bakin gona yake tsayawa ya nemi hanya.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye na bayanmu.