Injinan gwamnati ma suna buƙatar kayen kiran suna

A makarantar horar da malamai ta Maraɗi, abin da aka fara cusa mana shi ne kaye biyu: na kiran suna da na darussa. Ranar da sufeto ya iso Dakoro, ba ya tambayarka ko kana aiki, kayen yake buɗewa. Shekara ashirin ke nan ina cike su, shi ya sa abin da ya same mu bara ya tsaya mini a rai.

Kwana biyu muka yi muna shigar da makin ɗalibai ta intanet, ga rezo yana zuwa yana tafiya. Bayan mako guda muka duba, aji ɗaya sukutum babu shi. Na kira ofishin da abin ya shafa, aka ce mini injin ne. Wane injin? Da ƙarfe nawa? Wa ya shiga kafin makin ya ɓace? Babu mai amsa. Haka muka sake bugawa daga takarda, Allah ya sa ban yar da ita ba.

Manyan kwamfutocin da ke riƙe irin waɗannan bayanai, waɗanda ake kira saba, garke ne, suna raba aiki a tsakaninsu. Kowace tana rubuta abin da ya faru da ita layi-layi tare da lokaci: wa ya shiga, me aka goge, yaushe ta tsaya. Amma in rubutun yana cikin injin da ya lalace, tare suke tafiya. Don haka ake sa wa kowace ƴar ƙaramar manhaja mai tura rubutun zuwa wani wuri dabam, wata manhajar kuma tana auna zafi da cikar ma'ajiya, ta aika saƙo a wayar ma'aikaci tun kafin abu ya ɓaci. Har agogon injinan sai an daidaita, in ba haka ba ba za a san abin da ya riga wani ba. Zabbix da Prometheus da Grafana suna wannan sa ido, kuma kyauta ake ɗaukarsu.

Mu ne ma muka fi kowa buƙata. A Agustan 2023 Najeriya ta yanke mana wuta. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke, intanet ya yi rauni a Afirka ta Yamma. Wanda ba shi da rubutu, ta yaya zai bambanta laifin wuta da na rezo da na hannun mutum?

Wani abokin aikina ya ce mini yara suna karatu a rumfar zana, ni ina maganar injina. Yana da gaskiya, ni ma na koyar a cikinta. Sai dai an riga an sa kuɗi a cibiyar bayanai ta ƙasa a Yamai, cikin aikin shimfiɗa wayar intanet da Bankin Raya Afirka ya tallafa. Abin da nake roƙo ƙarami ne: albashin matasan da za su riƙa karanta rubutun nan kullum, da doka cewa wanda ke iya canza maki kada ya iya goge shaidar cewa ya canza. Mun san yadda ake rabon kuka da guɗa a gidaje ranar sakamakon BEPC. Uban da aka ce masa ɗiyarsa ta faɗi yana da haƙƙin a nuna masa ranar da aka shigar da makinta, da sunan wanda ya taɓa shi daga baya.