Ɗumamen Shekara Goma Sha Biyu

Ranar da labari ya fito, cikin watan Agusta na 2024, cewa Netflix na shirin farfaɗo da One Tree Hill, wani abokina da muka yi lakwal tare a Damagaram ya kira ni ana dab da sallar isha'i. Mutum ne mai mata da 'ya'ya huɗu, furfura ta fara cin gemunsa, amma muryarsa rawa take kamar an ce masa an ba shi kujerar Makka. "Malam, ka ji? 'Yan gidan Scott za su dawo!" Na ce na ji, kuma ba na murna. Har yau bai yafe mini ba, shi ya sa na ga gara in faɗi dalilina a fili.

Kada wani ya ce ban san daɗin abin ba. Mu da sunan Faransanci muka san shi, Les Frères Scott, a faifan da ake sayarwa bakin kasuwa, wanda rabinsa ke makalewa daidai inda magana ta yi zafi. A fada muke kallo, shayi na kan gawayi, idan wuta ta ɗauke a yi ta gardama a duhu har ta dawo. Labarin 'yan uba ne guda biyu, Lucas da Nathan, uba ɗaya uwa kowa da tasa. Uban, Dan, ya rungumi ɗaya ya yi watsi da ɗaya, sai ga su sun haɗu a ƙungiyar ƙwallon kwando ta makaranta guda. Wane Bahaushe ne ke buƙatar a yi masa tafsirin 'yan ubanci? Garin na Amurka ne, a jihar Karolina ta Arewa, amma ciwon mun san shi tun daga tsakar gida. Daren da muka kalli Dan ya harbe yayansa Keith a cikin makaranta, babu wanda ya sha shayi na uku.

To, wannan shirin da muke ƙauna, yaushe ya ƙare? A takarda, an fara shi 2003 an rufe 2012, zango tara, kashi 187. A gaskiya kuwa ya ƙare ne a zango na huɗu, ranar da yaran suka gama sakandare. Abin da ya biyo baya jan rai ne. A zango na biyar aka tsallake shekara huɗu da 'yan watanni, aka wayi gari wannan ta zama hamshaƙiyar mai kamfanin tufafi, wancan marubuci, duk ba su kai ashirin da biyar ba. Aka kawo mai raino mahaukaciya ta sace yaro. A zango na shida Dan na asibiti yana jiran a dasa masa zuciya, mai ɗauke da ita ya yi tuntuɓe, zuciyar ta faɗi ƙasa, kare ya wawure ya gudu da ita. Kare, jama'a! Daga nan Chad Michael Murray da Hilarie Burton, wato Lucas da Peyton, suka bar shirin, aka ci gaba da tuƙa tuwo babu gari har zango uku. Masu kukan a dawo da shi ba sa ambaton karen. Sun tace abin da suke so su tuna, sun zubar da tsakin.

Abin da abokina ke nema ba ya hannun Netflix. Yana neman shekararsa goma sha bakwai ne, da gwiwarsa da ba ta ciwo, da yarinyar da yake rubuta wa wasiƙa yana satar kalaman Lucas, da abokan fadarmu da yanzu ɗaya ke Agadas, ɗaya Kwatano, ɗaya kuma ƙasa ta rufe masa ido. Ni ma ina neman su. Amma idan aka kunna sabon shirin, shi kaɗai zai zauna da waya a hannu, yara na hayaniya, ya ga Brooke da Peyton sun haura arba'in suna fama da tarbiyyar 'ya'yansu, don haka rahotanni suka ce za a gina labarin. Wato zai biya kuɗin intanet ya kalli irin wahalar da ya shiga ɗaki don ya huta da ita.

Kuma an sha gwadawa. Beverly Hills, 90210 ya yi shekara goma cur, daga 1990 zuwa 2000. A 2019 aka tattaro tsofaffin 'yan wasansa aka yi BH90210: kashi shida, aka rufe. Gossip Girl aka sake shi a 2021 da sababbin fuskoki, zango biyu aka yi masa sallama. Degrassi na Kanada, wanda mawaƙi Drake ya fito a cikinsa yana yaro, an yi shelar dawo da shi a farkon 2022, shekarar ba ta ƙare ba aka soke tun ba a haska ko kashi ɗaya ba. Kamfanonin nan ba sa jin kewar kowa. Sun lura cewa tsohon suna ba ya buƙatar talla, mu ne za mu yi musu ita kyauta, kuma yaran jiya yau su ne masu albashi. Ɗumamen kwana ɗaya kowa na so, wani ma ya fi son sa da sabon tuwo. Na shekara goma sha biyu fa?

Hujja ɗaya ce daga wancan ɓangare ta sa na yi shiru na ɗan lokaci, kuma ba zan ɓoye ta ba. A 2017 mata goma sha takwas da suka yi aiki a shirin, 'yan wasa da marubuta, suka sa hannu a wata wasiƙa suna zargin wanda ya ƙirƙiro shi, Mark Schwahn, da cin zarafinsu a wurin aiki. Ashe lokacin da muke tafi a fada, wasunsu na zuwa aiki da fargaba. Daga 2021 Sophia Bush da Hilarie Burton da Bethany Joy Lenz suka fara wani shirin hira, Drama Queens, suna sake kallon kashi-kashi suna faɗin abin da ya faru a bayan kyamara. Kuma Bush da Burton ne aka ce suna cikin jagororin sabon aikin. Idan mace ta ce tana so ta koma gidan da aka wulaƙanta ta, wannan karon da makulli a hannunta, ni wa zan ce mata a'a? Haƙƙinta ne. Sai dai wannan bukatar tasu ce, su da abin ya shafa. Ba ita ce ta sa abokina kira na da daddare ba, kuma ba ta mai da ɗumamen sabon tuwo.

Babban abin da ke ci mini rai shi ne yara. Shirin samari na samari ne. Lokacin da muka kamu da 'yan gidan Scott, iyayenmu ba su san da zamansa ba, kuma rabin daɗin ke nan. Yanzu mun girma mun tare ƙofa, muna cewa a sake dafa mana namu, su kuma na yau su ci saura. Duk kuɗin da aka zuba wa tsohon suna, wani marubuci ne matashi aka ce masa ya jira da sabon labarinsa.

Na gwada abin a gida. Na zaunar da 'yar yayata mai shekara goma sha biyar, na kunna mata kashin farko, ina satar kallon fuskarta ko zan ga tawa ta da. Ta yi haƙuri da ni kusan minti ashirin. Sannan ta ce, "Kawu, waɗannan manyan mutanen ne 'yan lakwal?" Tana da gaskiya, Murray na da shekara 22 lokacin da aka fara haska shi a matsayin ɗan sakandare, mu ne dai ba mu taɓa lura ba. Ta nemi izini da ladabi, ta ɗauki wayar mamanta ta koma kan wani shirin Koriya da ita da ƙawayenta ke gardama a kansa kullum a hanyar lakwal. Na tambaye ta sunansa, ta faɗa mini har sau biyu, ban iya maimaitawa ba.