A Tambayi Masu Buga Ƙwallon Kafin A Sauya Tsarin Gasa

'Yan uwa ɗalibai, duk mai goyon bayan Sai Masu Gida ya san yadda ake juya gasar firimiyar Najeriya kamar waina. A 2019 an raba ƙungiyoyi rukuni biyu, aka tara shida a filin Agege na Legas, kowacce ta buga wasa biyar. Enyimba ta ɗauki kofi, Kano Pillars ta zo ta biyu. A 2023 aka sake yin haka, sannan aka koma wasa 38. To wa ya tambayi 'yan wasa?

Mu leƙa Amurka, wajen masu wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da sanda. A 2022 masu ƙungiyoyi sun so ƙara yawan masu shiga zagayen ƙarshe saboda kuɗin talabijin. Sai da aka shafe kwana 99 ana ja-in-ja da ƙungiyar 'yan wasa kafin a daidaita: an ƙara daga 10 zuwa 12, mafi ƙarancin albashi kuma ya koma dala 700,000 a shekara. A 1994 ma yajin aiki ya hana wasan ƙarshe gaba ɗaya. Can ɗan wasa yana da baki a teburin ciniki.

A nan fa? Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, kuma labarin bashin albashi da alawus ba baƙo ba ne. Ɗan wasa ya kwana a mota, ya sauka ya buga, ya karye a sallame shi. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mu 'yan kallo ma da mu a asarar. Daga garinmu Achika samari kan haɗa kuɗin mota, su bi ta Wudil zuwa filin Sani Abacha. Gasa cikakkiya tana ba su wasan gida 19. Idan aka gajarta ta aka kai ƙarshenta Legas, sai dai su kasa kunne a rediyo.

Ni dai ra'ayina, a bar wasa 38, wanda ya fi maki ya ɗauki kofi. In kuwa dole sai an sauya, a zauna da wakilan 'yan wasa, a rubuta kasonsu, a biya bashi kafin a busa usur. Mu da za mu fita neman aiki bana, wallahi darasin namu ne: kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba.