A kai matasa kogo, amma da shiri

Makarantu da ƙungiyoyin matasa suna yawan shirya fita zuwa gidan namun daji ko bakin ruwa, amma da wuya ka ji an ce za a shiga kogo. Ga shi kuwa muna da su: kogwannin Marshall a Yankari, waɗanda mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, da na Ogbunike a jihar Anambra, inda ake sauka ta matakala fiye da 300 kuma al'ada ta sa a cire takalmi kafin a shiga. A cikin duhu yaro kan koyi jiran na bayansa da bin umarnin jagora.

Sai dai a tuna da Tailan. A watan Yunin 2018 'yan ƙwallo 12 da kocinsu suka shiga kogon Tham Luang, ruwan damina ya toshe musu hanya. Sai bayan kwana 18 aka gama fito da su, kuma tsohon sojan ruwa Saman Kunan ya rasu a aikin ceton.

Saboda haka a ganinmu a yi fitar da rani kawai, tare da ɗan gari da ya san wurin. Kada tawaga ta gaza mutum huɗu, kowa da hular kwano da tocila da ta ajiya, a kuma bar wani a waje da ya san lokacin dawowarsu. Inda jemagu suka yi yawa a rufe hanci da baki, domin kashinsu na iya jawo ciwon huhu.