Malamin Islamiyya Ma Yana da Iyali

Ya 'yan'uwa, akwai wata cuta da ke cin makarantunmu na Islamiyya, mu kuwa mun ƙi kiran ta da sunanta. Kullum sai ka ji shugabannin makarantu suna kukan cewa malaman yanzu ba su da ikhlasi, da zarar sun sami wata kafa sai su tsere. Ni dai a ganina, kafin mu tuhumi zukatansu, ya kamata mu buɗe littafin albashi mu duba.

A shekarar 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na hatsi suka yi tashin gwauron zabi. A 2024 gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. To, malamai nawa ne a cikinmu ke karɓar wannan? Mutum ya haddace Alƙur'ani, ya sha wahalar nahawu shekara da shekaru, a danƙa masa aji maƙil da yara, ƙarshen wata a ce ya yi haƙuri, aikin Allah ne. Mai gidan haya kuwa bai san wannan karatun ba.

Ba haka magabata suka yi ba. Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, da aka yi masa mubaya'a ya nufi kasuwa da hajarsa don ciyar da iyali. Sahabbai suka tsayar da shi, suka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali. Wa zai ce ikhlasinsa ya ragu? Kuma da aka tashi tattara Alƙur'ani bayan yaƙin Yamama, Zaidu ɗan Sabit ya ɗora wa aikin, alhali saurayi ne, saboda ya san hazaƙarsa da amanarsa.

Mu fa? Malami ya shekara goma yana koyarwa, ranar da kujerar shugaban makaranta ta faɗi sai a ɗauko ƙanen mai makaranta, wanda ko Iziyya bai sauke ba. Wannan ya fi ƙarancin albashi ciwo, don yunwa ana daure mata, wulaƙanci kuwa da wuya.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin ilimi na rassa: a rubuta wa kowane malami takardar ɗaukar aiki, a ambaci albashinsa da ranar biya, a kuma bayyana masa sharuɗɗan ƙarin girma. Iyayen da ke da hali su daina jinkirta kuɗin wata, domin daga cikinsa ake biyan malamin 'ya'yansu.