Kujera Ɗaya Ga Baƙo: Ɗaliban Musaya A Makarantun Gwamnati

A kowace shekara, kafin a buɗe makarantu a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, akwai wata muhawara da ke tashi a garuruwan Amurka wadda ba kasafai labarinta ke iso mu ba, alhali kuwa 'ya'yanmu na cikin waɗanda ake yin ta a kansu. Tambayar ita ce: shin ya dace a ba yaron da ya zo daga wata ƙasa kujera a sakandaren gwamnati, ya yi shekara guda yana karatu kyauta, alhali iyayensa ba su taɓa biyan harajin garin ko da sisi ba?

A namu ra'ayin, ya dace a ba shi. Sai dai ba za mu yi gaggawar kiran wanda ya ƙi marowaci ba, domin yana da hujjarsa, kuma sai an san yadda gida yake kafin a yanke wa mai gida hukunci.

Makarantun gwamnati a Amurka ba a hannun babban birni suke ba, saɓanin abin da muka saba gani a Nijar ko Kamaru, inda ma'aikatar ilimi ke ɗaukar malami ta tura shi inda ta ga dama. Can akwai gundumomin ilimi kimanin 13,000, kowace da hukumarta, kuma galibi mutanen gari ne ke zaɓen 'yan hukumar. Kusan kashi tara cikin goma na kuɗin makarantun daga jiha da ƙaramar hukuma yake fitowa, babban kaso kuma daga harajin gidaje da filaye. Abin da ake kashewa a kan ɗalibi guda a shekara ya haura dala 15,000 a matsakaicin lissafi. Saboda haka manomin da ya miƙe a taron hukuma ya tambayi dalilin da za a ilmantar da ɗan wata ƙasa da guminsa, kuɗin aljihunsa yake magana a kai.

A 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa ba za a hana yaron da ke zaune a ƙasar shiga makarantar gwamnati ba, ko da iyayensa ba su da takardun zama. Wannan hukunci bai shafi ɗalibin musaya ba. Shi baƙo ne da aka gayyato, kuma sai makaranta ta amince a rubuce kafin ya bar gidan iyayensa. Tana da ikon ta ce a'a.

Asalin wannan al'ada daga yaƙi ya fito. Ƙungiyar AFS ta samo tushe ne daga matasan Amurka da suka tuƙa motocin ɗaukar masu rauni a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Bayan na biyu ya ƙare, a 1947, sai suka fara kawo 'yan sakandare daga wasu ƙasashe su zauna a gidajen Amurkawa, bisa tunanin cewa wanda ka ci tuwo da shi shekara guda zai yi wuya ka ɗauke shi maƙiyi. Bayan hare-haren 11 ga Satumban 2001 ma, irin wannan tunani ne ya sa Majalisar Dokokin Amurka ta kafa shirin YES a 2002, bisa jagorancin Sanata Edward Kennedy da Sanata Richard Lugar, ɗaya daga kowace babbar jam'iyya. An yi shi ne domin ƙasashen da ke da Musulmi masu yawa, kodayake Musulmi da Kirista duka aka riƙa ɗauka. Rukunin farko ya isa a 2003. Ta wannan hanya yara daga arewacin Nijeriya, da Ghana, da Kamaru, da Mali, da Sanigal suka zauna a azuzuwan Amurka, da yawansu 'ya'yan talakawa ne da jarrabawa ta fitar da su.

Ƙofa biyu ce baƙon ɗalibi ke bi, kuma rashin bambance su ne ke rikita muhawarar. Ta farko ita ce bizar J-1, ta musayar al'adu. Mai ita sai ya kai shekara 15 bai wuce 18 da rabi ba, zai yi rabin shekarar karatu ko shekara guda, yana zaune da iyalin da ba danginsa ba, waɗanda ba a biyan su ladan masauki. Abin da doka ta ba su kawai shi ne rangwamen haraji a kan dala 50 a wata, wanda bai kai kuɗin cefanen mako ba. Ta biyu ita ce bizar F-1, ta karatu. Tun daga 1996 doka ta ce mai ita ba zai wuce wata 12 a sakandaren gwamnati ba, kuma sai ya biya cikakken kuɗin da ake kashewa a kan ɗalibi. Ke nan zancen karatu kyauta ƙofar farko kaɗai ya shafa.

To, nawa ne nauyin? Kafin annobar korona, ɗaliban da ke shiga ta ƙofar J-1 sun ɗan haura 20,000 a shekara, a ƙasar da sakandaren gwamnati ke da ɗalibai kimanin miliyan 15. Baƙo ɗaya ke nan a cikin ɗaruruwan 'yan gida. Ƙa'ida ma ta hana ƙungiya ɗaya ta kai fiye da ɗalibai biyar makaranta guda, sai idan makarantar ce ta nema a rubuce. Ajin da ke da yara ashirin da biyar, idan aka ƙara masa ɗaya, ba a ɗaukar sabon malami, ba a sayen sabuwar mota, ba a ƙara wutar ɗumama ɗaki. A jihohi da yawa ma da yawan ɗalibai ake raba kuɗin jiha, saboda haka ƙarin kai ɗaya yakan zo da nasa rabon. Inda aji ya riga ya cika maƙil, hukuma na da gaskiya idan ta ƙayyade adadi. Amma wanda ya ce baƙo ɗaya ya cinye dala 15,000 daga bakin 'yan gari, lissafinsa bai cika ba.

Hujjarmu babba kuwa ba ta kuɗi ba ce. Mutane sukan ɗauka cewa baƙon ne ya ci riba, tun da shi ya hau jirgi, ya ga dusar ƙanƙara, ya dawo da Turanci a baki. Ya ci, babu shakka. Amma shi mutum ɗaya ne, waɗanda suka zauna da shi kuwa ɗaruruwa ne. A ɗauki yaro a wani ƙauyen jihar Iowa, wanda duk abin da ya sani game da Afirka shi ne yunwa da yaƙi da namun daji. Sai ga shi kujera ɗaya da yarinya daga Sakkwato ko Garwa, tana jin harsuna uku, tana riga shi warware lissafi, tana azumi ba ta fasa zuwa aji ba, tana kewar mahaifiyarta kamar yadda shi ma zai yi. Babu littafin da zai koya masa abin da wannan zama ya koya masa. Gani ya kori ji. Shi ya sa aka riƙa ɗora wa ɗaliban YES yin bayani a kan ƙasashensu a gaban 'yan aji, da yin aikin sa-kai a garin da suka sauka. Makarantar da ta karɓi irin wannan yaro ta samu malamin da ba ta biya ba. Ɗan mai kuɗi zai iya zagaya duniya da kuɗin ubansa. Ɗan talakan da ke makarantar gwamnati kuwa, sai dai duniyar ta zo ta same shi a aji.

Duk da haka, karɓar ɗan wani amana ce, kuma an taɓa cin ta. A 2009, a yankin Scranton na jihar Pennsylvania, an gano wasu ɗaliban musaya a gidaje marasa tsafta, babu isasshen abinci. Bayan wannan abin kunya Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ƙara tsaurara ƙa'idoji a 2010. A yau dole a binciki tarihin laifi na kowane baligi a gidan masauki, dole yaro ya samu gadonsa shi kaɗai da abinci sau uku a rana, dole jami'in ƙungiya ya tuntuɓe shi kowane wata, kuma ba a haɗa yara biyu 'yan ƙasa ɗaya a gida guda. Ƙa'idoji ne masu kyau, amma takarda ba ta ganin yaron da ya rame. Malamin da ke ganinsa kowace safiya shi ne zai gane. Don haka makarantar da ta ce "to" ba ta gama aikinta da sa hannu ba. Wajibi ne ta ware malami guda da yaron zai iya kai wa kuka ba tare da tsoron za a mayar da shi gida ba.

Haɗari na biyu shi ne baƙunci ya koma ciniki. Ƙaramar makarantar garin Newcomb, a tsaunukan jihar New York, da ta ga ɗalibanta ba su kai ɗari ba, sai ta fara karɓar 'yan ƙasashen waje masu biyan kuɗi tun daga 2007, ta kuma farfaɗo. Ba mu ga laifinta ba, domin garin da makarantarsa ta mutu shi ma ya kama hanyar mutuwa. Amma idan ƙofar kuɗi ta zama ita ce kaɗai a buɗe, to 'ya'yan attajiran duniya ne kawai za su shiga, manufar farko kuma ta ɓace. Haka nan batun wasanni. Doka ta hana a kai yaro wata makaranta saboda ƙwarewarsa a wasa, kuma an san akwai masu farautar dogayen samari daga Afirka saboda ƙwallon kwando. Yaron da aka ɗauko saboda tsawonsa, ranar da gwiwarsa ta samu matsala ranar zai san matsayinsa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin makaranta. Ita kujera take bayarwa, biza kuwa a hannun gwamnatin tarayya take. A watan Yunin 2025 Amurka ta saka Chadi cikin ƙasashe 12 da ta hana 'yan ƙasarsu shiga, Chadi ita ma ta dakatar da ba Amurkawa biza. Rikici ne na manya, amma yaro ɗan shekara 16 da ke Anjamena yana cikin waɗanda ƙofar ta rufe a kansu. Shirye-shiryen nan an ƙirƙiro su ne daidai lokacin da zukata suka yi zafi, a 1947 da 2002. Rufe su saboda zukata sun yi zafi juya hikimar ne a bai-bai.

Ga iyayenmu kuma, muna da 'yar shawara. Tsoron da uwa ke ji idan aka ce 'yarta mai shekara 15 za ta kwana a gidan mutanen da ba ta sani ba, tsoro ne na gaskiya, kada kowa ya raina shi. Maganinsa tambaya. Wace ƙofa yaron zai bi? Wa zai biya? Su wa za su sauke shi, kuma sun san abin da yake ci da abin da ba ya ci? Idan ya dawo, za a ƙirga masa shekarar, ko zai maimaita aji kafin ya zauna BAC ko WAEC? Shirin YES ba a sayen gurbinsa. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai saka sunan yaro, ɗan damfara ne.

Sannan mu dubi kanmu, domin bai kamata mu yi ta yi wa manomin Iowa wa'azin karɓar baƙo ba alhali ƙofarmu a rufe take. Tsakanin Maraɗi da Katsina tafiyar ba ta kai kilomita ɗari ba. Yaran garuruwan biyu Hausa ɗaya suke yi a gida, amma ɗaya da Faransanci yake karatu, ɗaya da Ingilishi, kowa kuma da tarihin da aka zaɓa masa. Garwa da Yola a bakin kogin Binuwai ɗaya suke. Iyayenmu na kashe kuɗi a koya wa yara harshen maƙwabci a ɗarare, alhali wata uku a ajin maƙwabcin zai fi shekara uku na darasin yamma. Mun san azuzuwanmu sun cika, wasu ma yara sun fi kujeru yawa. Amma musaya ba ƙari ba ce: biyar su tafi, biyar su zo, kowa ya zauna a kujerar ɗan'uwansa, ya kwana a ɗakinsa, ya ci daga tukunyar uwarsa. Babu jirgi, babu dala. Abin da ake bukata shi ne shugabannin makarantu biyu su amince, hukumomin ilimi su yarda a ƙirga wa yaro zangon karatun da ya yi a can, iyaye kuma su san juna ido da ido.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fataken da suka bi hanyar goro zuwa Gwanja sun dogara ne da mai masauki, wanda zai ba su ɗaki, ya tsaya musu a kasuwa, ya zama garkuwarsu a garin da ba su da kowa. Zangon Kumasi da na Akara a kan haka suka ginu. Masu neman ilimi ma haka suka riƙa barin garuruwansu suna sauka a zaurukan malamai. Mun kuma ga abin da ke faruwa idan aka tura yaro ba tare da mai kula da shi ba, don haka mun fi kowa sanin cewa masauki sai da amana.

An ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Gaskiya ne, ɗalibin musaya shekara guda zai yi ya koma. Amma 'yan ajinsa suna nan, su ne gobe za su zama malamai da 'yan majalisa da masu jefa ƙuri'a, kuma idan aka ambaci sunan ƙasarsa, fuskar abokinsu ce za ta fara zo musu. Duk makarantar da ke da kujera guda da ba kowa a kanta, a Iowa take ko a Damagaram, muna ganin ta ba baƙo, ta kuma riƙe shi kamar ɗanta har ranar da zai koma gida.